Ƙariyar da Na Daka a Gurbi

Bayan gonarmu, ta wajen Kakangi, akwai wani dutse mai yashi a gindinsa. Ba abin da ke fitowa a wurin sai sabara da geza da ƙariya. Ita ƙariya gajeruwa ce, gindinta kamar tulu. Da rani, komai ya bushe, sai ta zubar da ganye ta yi jan fure ita kaɗai. Ko akuya ba ta kai mata baki, don ruwanta dafi ne, da shi ake kashe kifi.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina sabon aure, kogi ya janye ya bar gurbi ɗaya cike da tarwaɗa. Na ɗauki gatari na nufi dutsen. Ina cikin saran ƙariya, ruwanta na bin ƙota, sai ga maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Bagwariya, da itace a kafaɗa.

"Ɗana, wannan ta wane ruwa ce?"

"Gurbin ƙasa, Iya."

"Mu ba ma zuba ta sai an yi shela kwana uku. Ka gaya wa Bafulatanin da ke shayar da shanu a can?"

"Zan gaya masa."

Ta daɗe tana kallona kafin ta wuce.

Ban gaya masa ba. In aka yi shela, gari duka zai sauko da kwanduna, ni kuwa kifin nake so ni kaɗai. Na daka ta a kan fa, na zuba da hantsi. Kafin azahar kifi ya taso, ciki a sama. Wurin ya yi tsit. Ina ɗaure buhu na jiyo kukan shanu suna gangarowa ta ƙetare. Da na ɗaga murya, da an ji ni. Na saɓa buhuna na bi ta cikin sabara.

Bafulatanin nan shekara shida yana zuba mana taki a gona. Maruƙansa huɗu suka mutu, da saniyar da iyalinsa ke tatsa.

Ran da zai tashi zuwa Dogon Dawa ya tsaya a ƙofar gidanmu.

"Kaɗo, ruwan nan ya ƙi mu. Kar ka bar amarya ta ɗiba."

Na ce to.

"In na taɓa saɓa maka, ka yafe mini."

Na ce na yafe. Da bakin nan nawa na faɗa.