Alƙalamin da Bai Taɓa Shan Tawada Ba

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, amma cinikin ɗakin nan mai taya ba zai sake ni ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Lokacin ina direba a wani kamfani a Jidda. Baturen da nake tuƙawa yana da 'yar tirela, ɗaki guda mai taya biyu, da gado da murhu a ciki, yakan ja ta zuwa bakin teku ran Juma'a. Da zai koma ƙasarsu ya bar mini ita, aka juya istimara, wato takardar mallaka, zuwa sunana. Na ajiye ta jikin katangarmu a unguwar Kurayyat, awaki na kwana ƙarƙashinta.

Wani dattijo maƙwabcinmu, Bahaushen Sudan mai sayar da gawayi, ya ce yana so. Matarsa ƙafafunta sun mutu, burinsa ya ɗaura tirelar a bayan motar gawayinsa ya kai ta ziyara Madina a kwance. Muka daidaita a ƙofar masallaci, aka tafa, aka shafa Fatiha. Sai ya ce gobe mu je wurin katibi a rubuta takardar ciniki, a juya suna.

Nan na tayar da jijiyar wuya. Na ce mu haihuwar Jidda ba a san mu da cin amana ba, wato Fatiha ba ta ishe shi ba sai takarda? Ya ba ni haƙuri, ya ce shi baƙo ne, zaman iƙama yake yi, wato da takardar izinin zama, takarda ce garkuwarsa. Na ce halas, shi ke nan, in bai yarda da ni ba ya bar mini kayana. Ya sunkuyar da kai, ya karɓi istimarar haka nan.

Gaskiya ba zuciya ce ta sa ni ba, tsoro ne. Ko sunana ban iya rubutawa ba. Amma shekara da shekaru ina yawo da alƙalami mai kan zinariya a aljihun gaba, unguwa ana ce mini ustaz. In an kawo mini wasiƙa sai in ce na bar tabarau a mota. A wurin katibi kuwa dole in dangwala yatsa gaban shaidu.

Ba a yi sati biyu ba askarawa suka tsayar da shi a hanyar Madina, matar na kwance cikin tirelar. Sunan istimara daban, na iƙama daban, ba takardar ciniki. Suka ce sata ce, suka dawo da shi Jidda suka tsare. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa a kan iƙamar, ya aiko mini cewa in mai sunan da ke istimarar bai zo ba, jirgin ruwa za a sa shi zuwa Sudan. Mutumin da ya tsufa a garin nan.

Kwana biyu ban je ba. Na rubuta wannan ma da bakina, ɗana ke riƙe da biro, na ce kar ya gyara. Kwana biyu ina cewa gobe.

Rana ta uku matar ta sa aka ɗauko ta a kujera har ƙofar gidana. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Ɗana, me ya yi maka?"

Na tafi da liman da maƙwabta biyu. Babban askarin ya rubuta bayanina, ya turo takarda, ya nuna aljihuna ya ce ustaz ya sa hannu. Na ciro alƙalamin, na cire murfi, na tsaya. Bai taɓa shan tawada ba tun da na saye shi.

Na ce, "Ban iya ba. A ba ni tawadar yatsa."

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi ma da ya fi mini sauƙi. Aka fito da dattijon ba hula a kansa, ya matso ya dangwala nasa kusa da nawa.

Da muka fito ya riƙe hannuna, ya rage murya don kar liman ya ji. "Ya waladi, ɗana, ai na daɗe da sani. Tabarau ba ya shekara goma a mota. Da ka faɗa mini, da mun je wurin katibin unguwar Ruwais, inda ba a san mu ba."

Matar ba ta ga Madina ba. Wahalar hanyar nan ta kwantar da ita, ta rasu kafin azumi.

Tun daga ranar ko keke na sayar sai an rubuta, ni nake fara miƙa yatsa. Kunyar da na guje wa ta minti ɗaya ce. Wadda na saya a madadinta har yau ina ɗauke da ita.