Abu Ɗaya da Ba Mu Wanke Ba

Mahaifiyata, wadda duk unguwa ke kira Mai Ƙwai, ta fi shekara talatin tana kiwon kaji a bayan gidanmu. Mu biyu ta haifa, ni da Yaya, kuma da ƙwai aka yi mana komai, tun daga takalmin makaranta har keken ɗinkin da nake cin abinci da shi yau. Ba ta yi boko ba, amma in ta ɗaga ƙwai ta haska shi da rana za ta gaya maka ko da ɗa a ciki. Tana tsakiyar hira da baƙo, kaza ta yi tari a can ƙuryar akurki, sai ta miƙe ta bar shi da magana a baki. Mu kuwa in muka yi tari, cewa take mu sha ruwa.

Baba gadi yake yi a wani kamfanin katako. Yana da wani kwat mai kauri, baƙi, hannunsa duk faci, wanda yake sawa a bakin aiki. In an kawo sababbin 'yan tsaki lokacin sanyi, da ya dawo da safe Inna ke tare shi a ƙofa, ta cire masa kwat ɗin tun ɗumin jikinsa bai fita ba, ta lulluɓe kwandonsu da shi. Shi kuma ya tsaya yana dariya, yana cewa, "Wato ni ne uwar kajin gidan nan." Shekara shida ke nan da rasuwarsa. Tun daga ranar kwat ɗin yake rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinta, ruwa bai ƙara taɓa shi ba. Duk 'yan tsakin da suka shigo gidan, a ƙarƙashinsa suke yin kwanakinsu na farko. Inna kan rantse ba a taɓa samun wanda ya mutu a cikinsa ba.

Bana cuta ta shigo. Har yau ba mu san ta inda ta biyo ba. Ranar farko kaza uku suka yi ta gyangyaɗi, fukafukai a sake. Kwana biyu sai koren zawo, sai wuya ya karkace, kaza ta riƙa juyi a wuri ɗaya tana neman numfashi. Cikin kwana tara akurkin da ba ka iya jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya ya yi tsit. Ta ƙarshe wata tsohuwar ja ce da ta daɗe da daina ƙwai, Inna ta ƙi yanka ta don sabo. Na shigo na tarar da ita zaune a dandamali, ta naɗe kazar cikin kwat ɗin Baba ta ɗora a cinya. A nan ta mutu.

Washegari Yaya ya zo. Yaya ma'aikacin ofis ne, yana zaune a hawa na uku na wani dogon bene, inda ko tukunyar fure sai an nemi izini kafin a ajiye. Ya daɗe yana so Inna ta koma wurinsa. Ba mugun mutum ba ne, sai dai irin mutanen nan ne da in suna da gaskiya sai sun tabbatar ka ji zafinta.

"Inna, ya isa haka," in ji shi. "Ga gwiwa, ga hawan jini. Ki kulle gidan nan mu tafi, ɗakinki na nan a gyare."

Ta ce, "In je in yi me a sama? In zauna ina kallon bango?"

Na sa baki, muka yi ta yi da shi har maƙwabta suka leƙo. A ƙarshe Inna ce ta raba mu. Ta ce a bar ta ta sake gwadawa sau ɗaya. In kajin suka tashi, kada wanda ya ƙara yi mata zancen bene. In suka mutu, da hannunta za ta miƙa masa makulli. Yaya ya amince, ni kuma na san Inna ba ta magana biyu.

Muka kira likitan dabbobi, wani siririn mutum mai haƙuri. Ya zagaya gidan yana toshe hanci, sannan ya tsaya ya lissafa mana aiki. Ya rufe da cewa, "Mama, duk abin da ya taɓa kajin nan, ko a wanke shi da magani ko a ƙone shi. Duk. Cutar nan ba a ganinta, kuma tana iya yin makonni a cikin busasshen kashi."

Na rufe shagona na dawo gida. Muka sa aka haƙa rami mai zurfi a ƙarshen fili, muka zuba gawarwakin, muka barbaɗa farar ƙasa, aka rufe. Garin katakon da ke shimfiɗe a akurki muka kwashe buhu-buhu, muka haɗa da sandunan da kajin ke hawa, da akwatunan ƙwai, da tsofaffin kwanduna, muka zuba kananzir muka kunna. Akwatunan nan Baba ne ya haɗa su da guntayen katakon da yake rokowa a wurin aiki. Inna ta tsaya tana kallo har wuta ta cinye su.

Sai aikin kankare daɓe. Kashin kaji na shekara da shekaru ya daskare a daɓe kamar siminti, muka durƙusa da guntun ƙarfe muna ɓamɓara. Likita ya ce magani ba ya aiki a kan datti, don haka sai da muka wanke ko'ina da sabulu da buroshi, bango da raga da ƙofa, muka jira ya bushe, sannan na goya injin feshi. Maganin yana da wari mai shiga maƙogwaro, ido ya yi ta ruwa. Inna, wadda ke kuka da gwiwa in za ta tashi daga tabarma, ita ce ke bin tsagar bango da tsohon buroshin haƙori. Mazuban ruwa da na abinci muka jiƙa su a baho yini guda. Tsakar gida muka share, muka kankare ƙasar sama, muka zuba farar ƙasa har gidan ya yi fari fat. A ƙofar akurki muka ajiye kwanon magani don tsoma takalmi. Wata maƙwabciya ta shigo aron tsintsiya ta tsallake kwanon, Inna ta kora ta waje da faɗan da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba.

Rana ta biyar muka koma kan tufafi. Zannuwan da ta yi jinyar kajin da su, ɗankwali, silifa, har tabarmar dandamali. Ina tattara kaya a ɗakinta na tura ƙofa, na ga kwat ɗin. Akwai ɗan busasshen tabo a gefen aljihu. Na kai hannu na sauke shi.

"Auta, mayar da shi," in ji Inna daga bayana.

"Inna, a ciki fa jar kazar nan ta mutu."

"Na kakkaɓe shi. Na shanya shi a rana."

"Likita ya ce duk."

Ta karɓe shi daga hannuna a hankali, ta kai wuyan kwat ɗin hancinta. Ta ce, "Auta, nan kaɗai ya rage. Na ƙone akwatunansa ban yi magana ba. Wannan in ya shiga ruwa, shi ke nan."

Ni da ake ce wa mai bakin tsiya, ni da ke jayayya da mai kayan miya a kan albasa guda, ranar na yi shiru. Na mayar da kwat ɗin kan ƙusarsa da hannuna. Wannan shirun shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk labarin nan, kuma ban jin zai daina.

Muka bar akurkin a buɗe mako uku yana shan rana. Inna ta rame. Kullum da safe sai ta fita da kwano a hannu, ta kai tsakiyar fili, sannan ta tuna, ta dawo. Masu sayen ƙwai suka daina ƙwanƙwasa ƙofa. Amma ranar da aka kawo sababbin 'yan tsaki hamsin cikin kwali mai huji-huji, sai ga Innata ta dawo. Tana ɗaukarsu ɗaya-ɗaya tana tsoma bakinsu a ruwa, tana yi musu magana. Ta sa su a sabon kwando, ta kunna musu fitila. Garin da ɗan sanyi. Ta shiga ɗaki ta fito da kwat ɗin, kamar yadda ta saba yi shekara talatin. Ina tsaye ina gani. Na ce a raina ai an shanya shi, ai an yi makonni.

Kwana shida suna tsalle suna ci. Har na fara shirya baƙar maganar da zan gaya wa Yaya. Rana ta bakwai biyu suka koma gefe suka rufe ido. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu yana tsaye ba sai ranar. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta kira kowa ba. Tana tsintar matattun tana jerawa a kwali, safe da yamma, har kwandon ya zama babu komai sai garin katako.

Likita ya dawo ya duba ko'ina. Ya shafa bango, ya leƙa mazubai, ya ce wallahi ko gonakin manya ba sa wanki haka. Ya yi ta tambaya: an shigo da wata kaza? Wani ya taka ba tare da tsoma takalmi ba? Tsohon buhun abinci fa? Duk muka ce a'a.

"To akwai abin da ya taɓa waɗancan, ya kuma taɓa waɗannan?"

Na sunkuyar da kai. Inna ta shiga ɗaki ta fito da kwat ɗin, ta riƙe shi a gabansa, ta gaya masa komai ba ta rage ba. Ya daɗe yana kallon tabon aljihun.

"Mama, ba zan rantse ba," in ji shi a hankali. "Tana yiwuwa daga wurin da aka sayo su suka zo da ita."

"Ɗana, kada ka lallashe ni," ta ce. "Na gode."

Da ya tafi ta ɗauko baho da kanta. Ta zuba ruwa, ta zuba maganin da ya rage a jarka gaba ɗaya, ta danna kwat ɗin ciki. Na ce mata yanzu kuma me ya rage, babu kaza ko ɗaya a gidan, ta bar shi mana. Ko kallona ba ta yi ba. Ta yi ta cuɗa shi, ruwan ya yi baƙi, ta zubar ta sake, har fatar yatsunta ta yi fari ta tattare. Ta shanya shi a igiya a tsakiyar farin filin nan.

Yaya ya zo da mota ranar Asabar. Ya so ya ce wani abu mai daɗi, abin ya gagare shi, sai ya kama ɗaukar kaya. Kayan ma ba yawa: akwati ɗaya, tabarma, buta, ledar magungunanta. Ta zagaya ta rufe akurkin, ta sa sakata, ko da yake babu abin da zai fita. Sannan ta je wurin igiya. Kwat ɗin ya bushe ya ƙandare. Ta kama wuyansa ta kifa fuskarta a ciki, ta daɗe a haka har Yaya ya kashe motar da ya riga ya tayar.

Da ta ɗago sai ta ce, "Warin asibiti yake. Ba ya ciki."

Na ce, "In ninke miki shi, Inna?"

Ta girgiza kai. Ta kwance makullin daga bakin zaninta ta miƙa wa Yaya, ta shiga bayan mota ta zauna. Ni na ja ƙofar gidan, kwat ɗin yana nan a kan igiya.