Ruwan Alwala a Soket

Baba direban atikuleta ne, wato babbar mota mai jan tirela, tun kafin a haife ni. Bara, sau da sau, kifin ƙanƙara da yake ɗauka zuwa Tamale ya riƙa isa a narke. Mai motar ya ce in aka sake, Baba ya ajiye makulli. Ni kuwa ban iya haƙuri ba, na rufe shagona na atamfa a Dichemso, na bi shi garejin Krofrom don in ci mutuncin mai gyaran waya, wanda ya canza fiyus har ya gaji.

Da muka isa, mutumin ya kama aiki. Ya ce fitilun tirela lafiya lau, wayar da ke kai wuta batirin firij ɗin kifin ce ke mutuwa. Ya bi ta da ƙwan gwaji tun daga batirin motar. Akwai wuta har bayan kan mota, inda kebul ɗin tirela ke shiga soket. A nan ƙwan ya ƙi kamawa. Da ya buɗe, ƙarfen ciki ya yi kore shar.

"Hajiya, ruwa ne," in ji shi. "Amma murfin bai fashe ba koraa, ko kaɗan. Ruwan sama ba ya shiga nan."

Ana cikin haka aka kira azahar. Baba ya ɗauki buta, ya zauna a kan ƙarfen da ke tsakanin kan mota da tirela. Na sha mamaki, don shi ne ya koya mana ba a alwala sai a ƙasa, a tsugune.

Sai na ga hannunsa. Butar na rawa, ruwan na kauce wa ƙafarsa, yana zuba daidai kan soket ɗin. Da ya gama, ya daɗe yana lalubar matakala da ƙafa. Ashe tsugunon ne ya gagare shi, bai gaya wa kowa ba.

Masifar da na zo da ita ta bi iska, tsoro ya kama ni. Da wannan hannun yake riƙe sitiyari har Tamale.

Mai gyara ya kankare ƙarfen, ya shafa giris, ya naɗe da robar taya. Ƙwan ya kama.

Baba ya dawo daga salla yana murna. "Uwata, kin gani? Gobe sai hanya."

Ya miƙo mini makullin in riƙe masa ya ɗaura agogo. Ban mayar masa ba. Har yau makullin yana cikin jakata, kuma har yau Baba ba ya amsa gaisuwata.