Ƙarfen Da Yaya Ya Kafa Wa Aradu

Ina 'yar ƙarama aradu ta faɗa wa shanun Baffa a bayan Kademi. Sun fake ne a gindin wata tsamiya bayan la'asar, tsawa ɗaya aka yi suka zube. Mutane suka yi ta zuwa jaje, wasu suna tonon ƙasa wai neman gatarin aradu. Yayana, wanda nake bi, bai taya su tono ba. Tsayawa ya yi yana duban yadda tsamiyar ta tsage tun daga sama har gindi.

"Me ya sa kullum dogon abu take zaɓa?" ya tambaye ni a hanyar gida. Ban sani ba, shi ma ya san ban sani ba. Haka yake, sai ya faɗi tambaya a fili take sakinsa.

Lokacin yana babbar firamare a Gaya, ni kuwa ba a sa ni boko ba. Da ya zo hutu sai ya zo da labari daga bakin malaminsu. Wai an yi wani mutum a Amurka tun zamanin kakannin kakanni, buga littattafai ne sana'arsa, daga baya ya zama jakadan ƙasarsu, amma girman bai raba shi da bin diddigi ba. Ya ɗinka ƙyalle a jikin tsinkaye, ya ɗaura masa dogon zare da makulli, ya sake shi iska ta ɗaga shi sama cikin hadari. Da ya kai hannu kusa da makullin sai tartsatsi ya fito. Nan ya gane walƙiya da lantarki dangi ne, har ya ƙirƙiro sandar ƙarfe da ke karɓar aradu ta wuce da ita cikin ƙasa.

Yaya ya ɗauki matajin roba na Inna, ya goga a gashina, ya kara shi kan ɓarɓashin takarda. Suka tashi suka manne. Na ja da baya.

"Kada ki ji tsoro," ya ce. "Autar walƙiya ce, ba ta da haƙora."

Wajen maƙerin garinmu ya samo ƙafar wani tsohon gado, aka fiƙe masa bakinta, ya haɗa da waya. So yake ya kafa a kan rumbunmu. Baba ya ce sam.

"Abin da Allah ya aiko, wa zai tare shi?"

Yaya ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Baba, ruwan sama ma Allah ke aikowa, amma mun sa indararo."

Sai na ga gemun Baba yana motsi. Ya yarda, amma a bayan danga, a kan doguwar gora, nesa da hatsinsa. Ni na riƙe gorar Yaya yana cike ramin.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Aradu ba ta faɗa wa ƙarfen ba, ba ta faɗa wa gidanmu ba. Samari suka sa masa suna mai jiran baƙuwa. Dariya yake yi, ya ce ko dai ƙarfen ya yi aiki ko bai yi ba, kuma abin da ke damunsa shi ne ba yadda zai sani.

Daga baya ya tafi Kano koyon gyaran rediyo, ni kuma aka kai ni Gafasa. Da na haihu ya zo barka, ya zauna a bakin ƙofar ɗakina har rana ta yi sanyi, yana bayyana mini yadda murya ke tafiya ba waya. Rabin bayanin na gane. Na bar sauran tambayoyina sai ya dawo da Sallah. Sanƙarau ya ɗauke shi a bazarar nan, ko aure bai yi ba.

Shekaru bayan haka ɗiyata ta zo da littafin makaranta, na ba ta labarin mutumin nan na Amurka, ta buɗo mini hotonsa. Tsoho ne mai tabarau, ga sanƙo, ga furfura har kafaɗa. Na daɗe ina kallonsa, ina gwada fuskar Yaya da irin wannan tsufa, ban iya ba.