Uwar Mai Ɗebo Wuta

A Mabai, in an gama tuwon dare, Kaka kan tura itace cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya yi tsit. Ni ce mai katse ta, don haka kullum kusa da muciya take zaunar da ni.

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta garin da ruwan sama ya kashe wa wuta kaf, ba a bar ko garwashi ɗaya ba. Wuta tana garin maƙera, bayan dajin kuraye. Aka yi ta aika samari da kasko su ɗebo. Duk wanda ya isa ya ji ɗumi, ya ci dafaffe, sai ya yi zamansa. Yaro ɗaya ne ya juyo, yana tafe yana hura garwashin, kuraye na bin sawunsa, har ya kai gida. Nan muke tafi da ihu.

Wata rana na ce, "Kaka, uwarshi hwa? Ta yarda ya tahi?"

Ta daɗe tana tona toka. "Ke dai kin cika tambaya. Tatsuniya ba ta hwaɗi ba."

Yau a Ƙanƙara nake zaune, tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga gonarmu ta Mabai. Ɗana Sagir yana shekarar ƙarshe a wata jami'ar fasaha mai zaman kanta, inda ya samu gurbin karatu kyauta. Ya ce wani tsohon makanike ne ya kafa ta. A gareji ya fara koya wa yara aiki, abu ya yi ta girma har ya zama jami'a. Kafin ya rasu ya bar ƙa'ida guda: ba a ba ɗalibi shaidar gamawa sai ya koma garinsu ya gyara wani abu da hannunsa. Ranar da ya gaya mini haka har guɗa na yi, Allah ya sani.

Famfon sola na Mabai ya mutu. Matan da suka rage can, har da gwaggonsa Hure, sai rafi cikin daji, kuma a hanyar rafin ake kwashe mutane. Gyaran famfon nan Sagir ya zaɓa. Malamansa da kansu suka ce ya nemi wani aiki a cikin gari, za su karɓa. Ya ƙi.

Na roƙe shi, na yi kuka, na ɓoye masa jakar kayan aiki a ƙarƙashin gado. Ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, Gwaggo Hure da kanta take zuwa rahin nan. In ban tahi ba, wa za shi je?"

Ban sa albarka ba, ban kuma hana ba. Na dai jawo jakar na ajiye a bakin ƙofa, na shige ɗaki.

Tun shekaranjiya ya hau babur zuwa Mabai. Can babu sabis, wayarsa ba ta shiga. Ba na iya cin abinci, in babur ya tsaya a layinmu sai na ruga bakin ƙofa na leƙa. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa sani ba.

Muna yara duk mun so mu zama mai kaskon nan. Ba wanda ya so ya zama wadda aka bari a bakin ƙofa. Kaka ta san da ita sarai, ba ta dai iya faɗa wa yara ba ne. Ya Allah, ko garwashin ya mutu a hanya, ka maido mini da yaron.