Faifan Kaka da Ya Ƙi Kai Uku

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin Talata abin ya fara lalacewa. Na san lokacin ne saboda ɗabi'ata ce in rubuta shi a saman kowane shafi kafin in fara aiki, ko da babu wanda ya ce in rubuta.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Kiru aka kawo mana sabon malamin lissafi, mutumin Tudun Wada, wanda ba ya son ba da amsa. In ka tambaye shi, sai ya mayar maka da tambayar, ya ce, "Ke me kika gani?" A makon nan ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowa ya je gida ya nemo abubuwa masu da'ira. A zagaya bakinsu da zare a auna, a ratsa tsakiyarsu a auna, sannan a raba na farko da na biyu. Ranar Juma'a kowane rukuni zai tura mutum ɗaya gaban allo ya faɗi abin da suka gano. Rukuninmu suka zaɓe ni, wai rubutuna ya fi tsabta. Ni da ko "ina nan" nake faɗa lokacin kiran suna sai an ce in maimaita.

Na fara da murfin tukunya: uku da ɗigo ɗaya. Farantin silba, haka. Tayar keken Baba ma haka, duk girmanta. Daɗi ya kama ni, kamar na tsinci wani sirri da tukunya da keke suka daɗe suna ɓoyewa. Sai na ɗauko faifan Kaka.

Kaka mahaifiyar Baba ce, daga wajen Ɗansoshiya ta dawo wurinmu, kuma ɗinkin faifai ne sana'arta. Na zagaya bakinsa, santimita ɗari da sha shida. Na kwantar da zare daga wannan gefe zuwa wancan, ina bin sa da yatsa ina dannawa don kada ya tashi ko kaɗan, arba'in cif. Na raba. Biyu da ɗigo tara.

Na sake. Na canja zare. Na ari tef ɗin ɗinkin Umma. Na kwaso faya-fayai huɗu daga ɗakin Kaka, duk ba wanda ya kai uku.

Washegari na nuna wa 'yar bencinmu, wadda muke rukuni ɗaya. Ta duba, ta ce, "Ke dai kin cika wahalar da kanki. Goge, ki sa uku da ɗigo ɗaya. Malam zai bi ki gida ya auna faifan tsohuwa ne?"

"To ai ba shi na samu ba."

"Sai ki je gaban allo ki ce wa aji kakarki ta karya lissafi. Ni dai ranar zazzaɓi zan yi."

Na riƙe abin gogewa har aka tashi tara, na kasa. Da aka tashi makaranta na tsaya a bakin ofis har Malam ya fito, na miƙa masa littafin ba tare da na ɗago kai ba. Ya daɗe yana kallo, sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Kada ki kuskura ki goge wannan," in ji shi. "Duk ajin ba wanda ya kawo mini abu mai daɗinsa."

"Malam, kuskure na yi?"

"Ke me kika gani?"

Na ji kamar in fashe da kuka. Ya ƙara da cewa, "Wa ya fi kowa sanin faifan nan?" Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Na ɗauka littafi yake nufi. Na duba na lissafi daga bango zuwa bango, babu faifai a ciki.

Ranar Alhamis bayan la'asar, saura kwana ɗaya, ina tsugune a tsakar gida da zarena karo na ban san nawa ba. Kaka na zaune a inuwar ɗakinta, da kaba a jiƙe cikin kwano, da basilla a hannu.

"Malama 'yar boko," ta ce, "kwana uku kina yi wa faya-fayaina awo. Riga za ki ɗinka musu?"

Ban taɓa yi mata maganar makaranta ba, don a ganina lissafi ba ruwansa da ita. Amma na gaji. Na zauna kusa da ita na bayyana mata komai: murfin tukunya, farantin silba, tayar keke, da yadda kowane zagaye yake ninka tsakiyarsa sau uku da ɗan ɗori, ban da nata.

"Faifaina ne ya gaza ke nan?"

"Ya gaza, Kaka."

"Ba ni farantin nan naki mai hankali."

Ta ɗebi gero ta zuba a farantin, ta ɗan girgiza. Tsaba ta watse ƙasa, kaji suka rugo. Ta zuba a faifan ta girgiza, geron ya gangara ya taru a tsakiya. Sannan ta karɓi zarena ta ja shi daga baki zuwa baki, ya miƙe a iska. Yatsunta uku suka shige ƙarƙashinsa ba su taɓa shi ba. Na fizgi tef na auna wannan miƙaƙƙen zaren: talatin da bakwai. Tun kafin in gama rabawa a gefen shafi na ga uku ta fito, ga ɗigo ɗaya na biye da ita.

"Kaka! Ashe ba shimfiɗaɗɗe ba ne!"

Ta ci gaba da ɗinkinta, ta ce, "Wa zai sayi shimfiɗaɗɗen faifai? Kowane layi in na zo gefe sai in ɗan ja kabar, in rage masa tsawo, shi ke sa baki ya ɗaga ya riƙe hatsi. Abin da kika ga ya gaza, ni na cire shi da gangan. Gobe ki tafi da shi da ɗan gero ki nuna musu, in bakinki ya ƙi buɗewa geron zai yi magana. Amma ki faɗa wa malamin naku, in ya yi masa kyau, na sayarwa ne."