Teburina a filin duwan

Shekarar da na yaye 'yata ta fari na fara saida burodi da wake a nan Gaya, a filin da manyan motoci ke jiran takardun duwan, wato kwastan, kafin gadar shiga Benin. Kullum gabana faɗuwa yake. Ko yarinyar ta sulale ta shiga ƙarƙashin taya, ko rana ta sa waken tsami. Har igiya na taɓa ɗaura mata a ƙugu, aka yi ta yi min dariya.

Teburin da laimar da nake sana'ar da su na yayan mijina ne. Ya daɗe yana kasuwanci a Yamai. Da ya zo ganin gida ya biyo ta wurina, ya ɗaga murfin tukunya ya yamutsa fuska.

"Amaryarmu, wannan kwaɓin kike cusa wa mutane a burodi? Na samo miki wuri kusa da ofisoshin gwamnati. Ma'aikata su ne masu cin irin wannan. Dafaffen ƙwai, tumatir, salak, mayonez, cikin akwatin gilashi."

Na ce, "Yaya, ku yi haƙuri. Ma'aikatan nan azahar na yi suke hawa babur su tafi gida cin abinci. Ina ganinsu in na kai yarinya riga-kafi."

"Ke da kika bar lakwal a aji uku za ki koya min ciniki? In ba ki tashi ba, ranar Juma'a zan kwashe kayana."

Bakina ya ƙi rufuwa. Na ce su haɗa irin nasu a gwada.

Washegari ya zo da kayan haɗinsa. Ya cika dogon burodi, ya yi kyau kamar a hoto, ya miƙa wa wani direba ɗan Konni da ya kwana shida yana jiran takarda. Direban ya kai shi tabarmar da suka shimfiɗa a inuwar mota, inda abokansa uku ke zaune. Ya yi bisimilla ya karya. Ƙwai ya mirgina ƙasa, tumatir ya bi shi, mayonez ya wanke masa gwiwa.

Ya ɗago ya ce, "Alhaji, ai wannan na marowaci ne, mai ci shi kaɗai ƙofa rufe!"

Abin da na daɗe da lura da shi ke nan. A filin nan ba mai cin abinci shi ɗaya. Wanda ya saya zai karya uku ko huɗu, da hannu mai baƙin mai, ba faranti. Shi ya sa nake dama waken da mai da yaji har ya kama jikinsa, in shafa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, don kada wanda ya samu gindin burodi ya ci shi gaya. Ban taɓa yanka rabi ba sai an roƙe ni.

Yaya ya tattara kayan haɗinsa ya tafi. Ranar Juma'a aka zo da amalanke aka kwashe tebur da laima. Mijina ya sunkuyar da kai, yayansa ne.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Asabar da safe na goya 'yata, na kifa babban baho a daidai inda teburin yake, na jera burodi a kansa. Wani direba ɗan Benin ya matso da motarsa kaɗan don inuwa ta same mu, ya leƙo ya ce, "Tanti, ba ni biyu, yau mu bakwai ne."